Sunan da Na'ura Ba Ta Sani Ba

Ranar Alhamis ɗin nan ko karyawa ban yi ba. Ƙarfe tara saura na iso ofis, sai na tarar da Baba zaune a kan benci a bakin ƙofa, ƙafafunsa buɗu-buɗu, wayarsa a hannu yana jujjuya ta. Baba surukina ne, mahaifin maigidana Baban Khairiyya, kuma shi ne shugaban ƙungiyar manoman gyaɗa ta Gwiwa. Mutumin da ya haura saba'in ba ya hawo acaɓa tun daga Gwiwa har Kazaure da sassafe don kawai ya zo gaisuwa.

Na durƙusa. "Baba, kun zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, 'yata. Wasiƙar nan ce har yau ba ta zo ba."

"Wace wasiƙa, Baba?"

"Ta iri. Jiya da la'asar na haɗu da Malam Daudu na Roni a wurin ta'aziyya, yake ce mini tasu ta zo tun Litinin, har sun amsa. Babura ma haka, Kazaure ma haka. Ya ce yau sha biyun rana ake rufewa."

Bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da ya haɗa ni da wasiƙun manoma.

Ƙungiyoyi huɗu ne, ta Kazaure, ta Roni, ta Gwiwa da ta Babura, suka haɗa kai suka kama ofis mai ɗaki biyu a gindin dutse a nan Kazaure. A da, kowace ƙungiya imel na kyauta take amfani da shi, wanda sakatarenta ya buɗe da sunansa. Sai sakataren Roni ya yi zuciya ya bar aiki, ya tafi da kalmar sirri a kansa, wasiƙun shekara uku suka bi shi. Daga nan aka yanke cewa a kafa na'urar wasiƙu tamu ta kanmu, a cikin ofishinmu. Aka fara maganar a ɗauko wani daga Kano. Baba ya ɗaga hannu a taron ya ce, "Ga 'yata Batulu nan, shekara huɗu ta yi tana karatun kwamfuta a garin nan. Me mutumin Kano zai nuna mata?" Alhaji Maikasuwa, shugaban Babura, ya yi gyaran murya ya ce, "To, Allah ya sa abin gida ya yi albarka." Kun san irin addu'ar nan da ake yi da gefen baki.

Na sha alwashin sai na ba Alhaji Maikasuwa kunya. Na ɗauki tsohuwar kwamfutar ofis na wanke ta tas, na mayar da ita saba, wato na'urar da ke karɓar wasiƙu ta ajiye wa masu su. Batir biyu a ƙarƙashin tebur, farantin sola a kan kwano. Wahalar aikin ita ce na'ura ɗaya ce amma gidaje huɗu za ta yi wa hidima. Abin da ke bayan alamar @ a adireshi shi ne sunan gida, kuma kowace ƙungiya ta dage sai nata: gyadarroni, gyadarbabura, gyadargwiwa, gyadarkazaure. Harafin ɗ ba ya shiga, don haka gyaɗarmu ta koma gyada, sakatarenmu Malam Haladu ya yi sati yana mita a kai.

Kamar zaure ɗaya ne mai ƙofa huɗu. A zauren akwai jeri da na rubuta: wane, na gida kaza, ga akwatinsa. Wasiƙa ta zo, na'ura ta duba jerin. In sunan yana ciki ta jefa a akwati, in babu ta ce ba ta san shi ba, ta mayar wa mai ita a take. Ba ta da kara, ba ta tambayar maƙwabta.

Sati uku na yi ina fama kafin duniya ta yarda cewa wasiƙun gidaje huɗun nan ɗakinmu za a riƙa kawo su, kafin kuma manyan kamfanonin imel su daina jefa namu a kwandon shara. Duk wannan na ci shi. Inda na faɗi, wurin da ko ɗalibin ajin farko ba zai faɗi ba ne.

Ranar da na zauna rubuta jerin, tsari ɗaya na bi: cikakken sunan mutum, da ɗigo a tsakiya. Na buga na shugaban Roni, na buga na Babura, na buga na Kazaure. Da na zo kan Gwiwa sai hannuna ya tsaya cak. Shekara goma sha ɗaya da aurena, sunan Baba bai taɓa fita daga bakina ba. Ko wani mai irin sunan na gamu da shi, mai sunan Baba nake ce masa. Na san za ku ce ai rubutu ba faɗa ba ne. To ku je ku gaya wa mahaifiyata, Inna Tasalla, wadda ta ce abin da hannu ya rubuta zuciya ta riga ta kira shi. Ni dai na kasa. Sai na buga harafi huɗu, b-a-b-a, na ce gobe in Malam Haladu ya zo sai in ba shi ya buga na gaskiyan da hannunsa. Goben nan ba ta zo ba. Na saita wa Baba wayarsa, na aika gwaji, ya shiga. Baba ajami yake karantawa, malamin gona ke karanta masa na boko, shi kuma malamin bai taɓa tayar da maganar adireshin ba. Na manta, wallahi na manta.

Wasiƙar da ake magana kuwa daga wata cibiyar binciken iri take. Irin gyaɗa za su ba mu mai nuna cikin kwana casa'in. Bara damina ta ɗauke da wuri, gyaɗar Gwiwa ta yi ɓawo ba ƙwaya, ɗan abin da aka ajiye na iri kuma yawanci ya shiga tukunya kafin bazara. Manomi ɗari biyu da goma sha biyu ne suka rubuta suna a hannun Baba, sun share gona suna jira. Sharaɗin cibiyar ɗaya ne: shugaba ya amsa daga adireshin da aka rubuta a fom, ya saka lambar da ke cikin wasiƙarsa, kafin sha biyun ranar Alhamis. Wanda bai amsa ba a ba masu jiran layi kasonsa.

Na buɗe ofis. Na karɓi wayar Baba na duba, babu. Na ce wayar ce. Na kashe na kunna, babu. Na ce sabis ɗin Gwiwa ne, ai kowa ya san halinsa. Amma ga mu a Kazaure, kuma babu. Na duba kwandon shara, na duba akwatin kai tsaye daga cikin na'ura, fayau. Na aika gwaji zuwa adireshin Baba, kafin in ɗauke yatsa wayar ta yi ƙara. Kai jama'a! To ina wasiƙa ta shiga?

Na zauna, na tashi, na sake zama. Na duba rajistar sunan gidan Gwiwa ko wa'adinta ya ƙare, tana nan lafiya lau. Na duba ko mai tace shara ya haɗiye ta. Na zargi cibiyar, na ce ƙila ma ba su aiko ba, irin aikin mutanen nan. Ƙarfe goma ta wuce. Ta taga na hango hadari yana haɗowa daga gabas, rana ta lumshe, kuma na san batiran nan nawa, in babu rana awa biyu ba sa kaiwa. Baba yana nan a bencinsa yana jira. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Goma da rabi Malam Haladu ya shigo, hula a ƙeya, yana sakace. "Injiniya, yau kuma me ya ƙone?"

"Don Allah Malam, ba yau ba."

Abu ɗaya ya rage. Na'urar tana da littafin ƙofa, inda take rubuta duk wanda ya yi sallama, da lokacin da ya zo, da abin da ta ce masa. Dubban layuka ne, yawanci 'yan damfara ne ke ƙwanƙwasawa. Na koma ranar Litinin na riƙa bi layi-layi. Ƙarfe goma da minti sha huɗu, ga cibiyar. Roni, an karɓa. Babura, an karɓa. Kazaure, an karɓa. Gwiwa, ba a san wannan mutum ba a gidan nan. Ga sunan nan ɓaro-ɓaro a gabana, da ɗigonsa a tsakiya.

Laifina ne. Amma kun san hali, maimakon in kama bakina sai na juya kan Malam Haladu.

"Malam, wane adireshi ka rubuta musu a fom?"

"Wanda kika tsara mana. Suna, ɗigo, suna."

"Ka tambaye ni?"

"In tambaye ki me? Uku iri ɗaya, na huɗu sai ya zama daban?" Ya zagayo ya leƙa allon. Na kai hannu in rufe jerin, ya riga ni gani. Ya cire tsinken daga bakinsa. "Baba? Baba kika rubuta? Innalillahi! Malama Batulu, na'ura kika koya wa kunya?"

"Ka rage murya."

"In rage murya? Mutum ɗari biyu na jiran iri, ke kina nan kina surukuta da kwamfuta!"

Na so in ce masa shi ma laifinsa ne, wa yake cike fom da ƙiyasi? Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni ce na jawo. Kuma ƙofa a buɗe take, Baba ya ji komai. Na ji motsin benci, na ji ƙarar sandarsa. Ya leƙo bai dube ni ba, ya ce, "Bari in ɗan taka in sha iska." Ya tafi. Na san dalilin. Wuri ya ba ni.

Malam Haladu ya ce, "Matsa in buga miki."

Daidai nan batir ya fara kuka, ɗit, ɗit, ɗit. Sha ɗaya da minti goma.

"Ka ɗauki galan ka je ka kawo man janareta. In ta mutu babu wanda zai buga komai. Ni na ɗaura, ni zan kwance."

Ya dube ni, ya dubi batir, ya suri galan ya fita da gudu.

Na jawo allon bugawa. Harafi goma sha huɗu ne da ɗigo ɗaya, na ƙirga su. Na yi bisimilla na buga, ina jin kamar Inna Tasalla na tsaye a bayana. Na ce wa na'ura ta sake karanta jerinta, na aika gwaji zuwa sabon adireshin, ya shiga. Aikin minti ɗaya ne. Minti ɗaya, jama'a, shi na yi wata uku ina gudu.

Sai dai wasiƙar da aka kora ba ta dawowa da ƙafarta, kuma lambar Gwiwa tana cikinta. Dole a roƙi cibiyar ta sake aikowa. Na binciko kwafin fom a durowar Malam Haladu, a ƙasansa akwai lambar wayar ofishinsu, irin wayar tebur ɗin nan da ba a aika mata saƙo. Na kira, ta ƙi shiga. Na sake kira, ta shiga ta katse. Hadarin ya cinye sabis a ɗakin. Na tsaya a taga, na tsaya a ƙofa, na ɗaga wayar sama kamar mai shanya. Sha ɗaya da rabi. Na tattare hijabina na zagaya baya na hau dutsen da ke bayan ofis, inda muke hawa in sabis ya yi gardama. Takalmina ɗaya ya zame ya gangara, ban bi ta kansa ba.

A kira na huɗu wata mata ta ɗauka. Na yi sallama na ce daga ƙungiyar Gwiwa ne, Jihar Jigawa.

"Gwiwa. An ja muku jan layi, adireshinku ba ya aiki."

"Ya gyaru, Hajiya. Don girman Allah ki sake aikowa."

"Faɗa mini cikakken sunan shugaba da adireshin, in gwada da abin da ke gabana."

"Hajiya, ai yana nan a rubuce a wurinki."

"Baiwar Allah, ƙa'ida ce. Ni ban san da wa nake magana ba. Ƙungiya nawa ke jiran kason nan? In ba ki da shi ki ajiye, akwai mai kira."

Na waiga hagu, na waiga dama. Ba kowa sai awaki biyu da iska mai kaɗa bishiyar dogon yaro. Na sunkuyar da kai na faɗa a hankali.

"Ban ji ba."

Na sake faɗa, iska ta kwashe.

"Kina magana kuwa? Saura minti ashirin fa, zan ajiye."

Raina ya ɓaci. Da ita, da iskar, da Malam Haladu, da ni kaina. Na runtse ido na buɗe maƙogwaro kamar mai kiran wanda ke can ƙarshen gona.

"Muhammadu Lawal!"

"Na'am."

Ba daga wayar ba ne. Daga ƙarƙashina ne. Na leƙa. Ashe Baba, don ya yi nesa da ɗakin, bayan ofis ya zagayo ya zauna a inuwar dutsen, ya jingina bayansa. Ya ɗago kai a firgice yana dube-dube, irin na wanda gyangyaɗi ya fara ɗauka. Idonsa ya sauka a kaina. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi ba zan jira a ce in shiga ba.

"Yawwa, yanzu na ji," in ji matar. "Adireshin fa? Harafi-harafi."

Na karanta mata, harafi-harafi, hawaye na zuba, Baba yana ji. Ta ce ya dace, ta aika.

Ban san yadda na sauko ba, da takalmi ƙafa ɗaya. Batir yana ta kukansa, janareta babu mai, Malam Haladu babu labari. Na kashe fanka, na kashe fitila, na zare duk abin da ke jan wuta na bar na'ura kaɗai. Na ƙura wa littafin ƙofa ido. Sha biyu saura kwata, shiru. Saura minti sha biyu, wani ɗan damfara ya ƙwanƙwasa aka kore shi, na tsine masa. Saura tara, ga cibiyar. Gwiwa, an karɓa.

Na ji sandar Baba a bakin ƙofa. Ya shigo, takalmina a hannunsa, ya ajiye a gefen tebur. Na karanta masa wasiƙar, kaina a ƙasa, na tsallake layin farko mai ɗauke da sunansa. Ya ce, "Rubuta musu: mun karɓa, mun gode, Allah ya saka." Na rubuta, na saka lambar, na nuna masa inda zai danna. Ya danna da babban yatsansa kamar mai dangwale a takarda. Saura minti huɗu. Muka tsaya muna kallon allo. Amsa ta dawo: an tabbatar da kason Gwiwa, mota za ta iso ranar Asabar.

Sai a lokacin Malam Haladu ya faɗo da galan, yana haki. Ya dubi fuskata, ya dubi ta Baba, ya ce bari ya je ya tayar da janareta. Yau dai ya yi hankali.

Na sauko daga kujera na durƙusa. "Baba, ku yafe mini. Na kusa jawo wa mutanenku asarar damina, na kuma yi muku rashin kunya."

Ya zauna a kujerar Malam Haladu, ya ɗora hannu biyu a kan sanda.

"Shekara ashirin da shida," ya ce, "rabon da in ji shi haka, babu Alhaji, babu Shugaba, babu Baba. Tun rasuwar Inna Dela, mahaifiyata. Ita ma sau uku take kira, na ukun da faɗa." Ya goge idonsa da bakin riga. "Barci ne ya fara ɗaukata. Na ɗauka daga bayan rumbu ake kirana, na bar awaki sun shiga gyaɗa."

Janareta ya tashi a waje, batir ya yi shiru.

Ya miƙe, ya kai ƙofa, sannan ya juyo. "Wancan na farkon da kika rubuta, yana nan?"

"Yana nan, Baba. Yanzu zan goge shi."

"A'a. Kada ki goge. Sabon na cibiya ne. Wancan nawa ne."

Har yau layi biyu ne a saman jerin Gwiwa, suna zubawa a akwati ɗaya. Ban sake faɗar sunan ba. Wannan da kuka gani a rubuce ma, sai da na kau da kai kafin in buga shi.